Allura Ya Cire Madubi

In ka bi layin da ke bayan kasuwar kayan gini, a shagon da ke jikin na tela za ka tarar da wani mutum mai faɗin kafaɗa da ɗan tumbi yana sayar da ƙwan fitila da wayar lantarki. Allura ake ce masa. Ba don ya yi kama da allura ba, Allah ya sani. Shi ne ya raɗa wa kansa sunan a makon da ya sayi tsohon babur, wai don babu inda ba ya ratsawa. Mutanen layin kuwa suka karɓi sunan hannu bibbiyu, don duk wanda ya kira shi da shi sai ya dubi tumbin ya ji daɗi a ransa.

Bai daɗe da koyon hawa ba, amma tuni ya fara koyarwa. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a duniya shi ne yadda masu baburan haya ke sulalewa tsakanin motoci in cunkoso ya tsaya a kan gada, masu manyan motoci na zaune suna gumi suna kallonsu. Ya riƙa zuwa gindin bishiyar da suke jiran fasinja yana cusa kai cikin hirarsu, har ya tsinci dokar da suke aiki da ita. Dokar ita ce kan babur shi ne ma'auni: in kai ya shiga tsakanin motoci biyu bai taɓa komai ba, to sauran jiki zai bi lafiya. Allura ya kinkimo wannan magana ya kawo layi kamar shi ya ƙirƙiro ta. Duk wanda ya zo sayen ƙwan fitila sai ya tafi da ita kyauta.

Mutum ɗaya ne a duniya wannan cika baki ba ta ratsa shi, shi ne surukin Allura, mahaifin matarsa. Tsohon kafinta ne mai ƙarancin magana, wanda ke tafiya da sanda mai lanƙwasasshen kai da ya sassaƙa da hannunsa. Tun ranar da Allura ya ce zai gyara masa fanka gidan ya yi kwanaki ba wuta, tsohon ya daina neman wani suna gare shi, sai “mai ƙwan fitila”. Sauran surukansa maza yana ce musu “ɗana”. Wannan abu yana cin Allura ƙwarai, ko da yake bai taɓa gaya wa kowa ba.

To, yanar ido ta rufe wa tsohon ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dushewa. Likitar da ke wannan aiki ba kullum take zuwa asibitin da ke ƙetaren gada ba, sai jefi-jefi, kuma an ba shi rana. Nas ta ja kunnen ’yarsa cewa duk wanda aka kira sunansa ba ya nan, sai ya koma ƙarshen layi ya jira watanni, kuma idon Baba ba zai jira watanni ba. Don haka matar Allura ta shirya su bi bas ta farko tun da duhu-duhu.

Allura ya ji wannan shiri ya ce ina, ba da shi a gari ba. A tashi dattijo cikin sanyin safiya a cusa shi a bas kamar buhu, alhali ga babur a gida? Ya ce Baba ya yi barcinsa, ya karya a tsanake, shi zai kai shi kafin ma a share ƙofar asibitin. Matar ta ce a’a, ta sake cewa a’a, har ta yi masa rantsuwa. Sai ya tsallake ta ya tafi wajen tsohon da kansa, ya durƙusa ya zuba bayani. Tsohon dai ba ya son bas, warin mai yana tayar masa da zuciya. Sai da Allura ya fara jin gwiwarsa na ciwo, sannan tsohon ya ce:

“Babur ɗin yana da birki?”

“Har biyu, Baba.”

“To.”

Allura ya ɗauki wannan “to” ya rataya a wuya kamar lambar yabo. Kafin ya iso gida ya riga ya ji a kunnensa yadda tsohon zai sauka a ƙofar asibiti, ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Madalla, ɗana.”

Da la’asar sai wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da in ta zo wa mutum gara a ɗaure shi. Ya ce tun da kan babur ne ma’auni, ai duk wanda kansa ya fi gajarta shi zai fi shiga ko’ina. Ya yi mamakin yadda masu baburan haya suka shekara suna wannan sana’a ba wanda ya yi tunanin haka. Ya tura babur ɗin wajen mai walda na bakin layi, ya ce a cire madubin nan biyu, a yanke kan daga kowane gefe, a matso da birki da totur ciki.

Mai walda ya ɗaga baƙin tabaransa ya dube shi, ya tambaye shi sau biyu ko ya tabbata. Allura ya ce shi dai ya yanka, bayani sai an ga aiki. Tela ya fito da tef a wuya ya tsaya yana kallo, har ƙarfen farko ya faɗi ƙasa. Shi tela siriri ne, maganarsa kuma busasshiya.

“Allura,” in ji shi, “ni nake ɗinka maka riga, na san faɗin kafaɗarka. Wannan kan da aka bari bai kai ta ba.”

Allura ya yi dariya ya ce kowa ya tsaya a kan sana’arsa, shi bai taɓa koya wa tela saka maɓalli ba. Tela ya ce to madubin fa, me suka tsare masa?

“Mai ratsawa gaba yake kallo,” in ji Allura. “Me na bari a baya da zan duba?”

Tela ya koma kan keken ɗinkinsa.

Washegari matar ta ɗauki jakar Baba da katin asibiti ta bi bas abinta, ta ce ita ba za ta iya tsayawa kallon wannan abu ba. Allura kuwa sai da ya wanke babur, ya goge shi, ya sha shayi kofi bayan kofi, ya jira shagunan layi suka buɗe don a sami ’yan kallo. Da ya kawo tsohon bakin layi, ya miƙa masa hular kwano don girmamawa. Tsohon ya shafa ta ya mayar, ya ce ido ya riga ya tafi, yanzu kuma kunnen ake so a toshe? Sai Allura ya kifa ta a nasa kan. Hula ce ƙatuwa mai soso a ciki, in ka sa ta ko ganga ake bugawa a bayanka sai dai ka ji kamar daga wani gari.

Tsohon ya hau baya, ya buɗe gwiwoyi kamar yadda tsofaffi ke zama, ya riƙe sandarsa a tsaye, lanƙwasasshen kanta na leƙe ta saman kafaɗarsa. Allura ya tayar da inji ya ba shi wuta. Nan take ya gane cewa gajeren kai ba ya jin magana. Babur ya yi hagu, ya yi dama, ya kwashi bencin tela ya kifar, ya shafi bokitin mai wanki, sannan ya daidaita ya fita layin. Allura ya juyo da murya ya ce wa tsohon wannan ɗumama taya ne, haka ƙwararru suke yi.

A bakin gada suka tarar da abin da aka saba. Motoci layi biyu sun tsaya cik har iya ganin ido, direbobi sun kashe inji, wasu sun fito da ƙafa ta taga. Zuciyar Allura ta yi fari. Ya ce, “Baba, yau za ka ga aiki,” ya manta cewa rashin ganin ne ya fito da su.

Ya saka kai a rata ta farko. Kan ya wuce sumul ba abin da ya taɓa. Gwiwoyin tsohon kuwa suka daki motocin biyu a tare, ƙwas. Tsohon ya ce gwiwarsa. Allura ya ji sama-sama, ya ce laifin direbobin ne, ba su iya tsayuwa a layi ba. A rata ta biyu wani fasinja ya buɗe ƙofa zai zubar da ruwan da ya wanke hannu, ruwan ya sauka a cinyar Allura. A ta uku gwiwar hannunsa ta ɗauki tiren wani mai tallan lemo, lemo ya watse yana gangarawa ƙarƙashin motoci, mai tallan ya bi su da gudu da addu’o’in da ba na alheri ba.

A ta huɗu akwai wata farar mota ƙarama. Kan babur ya wuce ta lafiya lau, kafaɗar Allura ta bi baya ta ɓalle madubinta, ya koma yana reto a jikin waya. Matar da ke tuƙi, wata mai farin tabarau, ta sauke gilashi ta dube shi, ta dubi madubin, ta tambaye shi cikin sanyin murya ko ina yake sauri haka. Allura ya ɗaga gilashin hularsa.

“Baiwar Allah, ku masu mota sai haƙuri. Mu likita muke sauri mu gani.”

Ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ya ba shi wuta.

Can gaba sai ya hango bas ɗin da matarsa ta hau, ita ma ta maƙale tun ɗazu. Ga matar nan a bakin taga ta zuba tagumi. Da mutum mai hankali ne da ya wuce abinsa. Allura kuwa sai ya matsa jikin bas ɗin har yana gogar fenti, ya danna hon, ya saki hannu ɗaya ya ɗaga mata, don ta gani da idonta ta kuma ba da labari. Babur ya yi tangal-tangal. A saman bas ɗin an ɗaure kaya da igiya, bakin igiyar ya zubo a gefe ya yi zarge, lanƙwasasshen kan sandar tsohon ya shige ciki.

Shi kuwa tsohon, tun da ya sassaƙa sandar nan bai taɓa ba wani ya riƙe masa ba, ba kuma yau zai fara ba. Ya damƙe ta da hannu biyu. Da yake tafiyar a hankali ake yi, sai babur ya zare daga ƙarƙashinsa sannu, tsohon ya dira a kan ƙafafunsa a tsaye tsakiyar titi, kamar wanda aka sauke a tasharsa. Ya gyara zaman hularsa, ya zare sandar daga igiya.

Duk wanda ke da madubi da ya ga wannan. Allura abin da ya ji kawai shi ne babur ya yi sakayau, yana tashi kamar sabo.

“Ka ji ko, Baba? Yanzu injin ya ɗumama.”

Mutanen bas suka miƙe suna ɗaga hannu, matarsa ta fito da rabin jikinta ta taga tana kira, direbobi suka riƙa bubbuga jikin motocinsu suna nuna masa baya. Allura ya ga gari ya ɗauka, ya ce ashe mutane sun san gwani in sun gan shi. Ya ɗaga musu hannu shi ma, ya ƙara wuta.

Da ya ga tsohon ya daina kukan gwiwa, sai ya tabbata mamaki ne ya ɗaure masa baki. Wannan shirun ya ba shi ƙarfin gwiwar faɗin abin da ya daɗe yana ci masa rai. Yana ratsawa yana magana da ƙarfi saboda hula. Ya ce maganar fankar nan, wallahi wayar gidan ce ta tsufa, ba hannunsa ba ne. Ya ce shi bai taɓa ɗaga wa ’yar Baba murya ba, a tambaye ta. Ya ce shi maraya ne tun yana ƙarami, kuma in ya ji Baba yana ce wa mijin yayar matarsa “ɗana”, sai abin ya yi masa ciwo. Masu motoci suna jin wani ƙato ya wuce ta tagarsu shi kaɗai yana ba iska haƙuri. Wata tsohuwa ta ce Allah ya ba shi lafiya. Shi kuwa da ya ji ba a musa masa ba, ya ce, “Na gode da ka fahimce ni, Baba.”

A ƙarshen gadar wasu manyan motoci biyu ne suka cike layukan, ɗaya ta yi lodin katifu har sun bulluƙo ta gefe, ɗaya buhunan auduga. Masu baburan haya sun taru a bayansu sun kashe inji, don sun gwada ratar da ido sun ga bakinta da faɗi, cikinta kuwa matsewa take yi. Wani dattijo a cikinsu ya ɗaga wa Allura hannu ya ce ya dakata. Allura ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce abin da ya sa suke nan tun shekaru ke nan, ba sa tunani. Ya saka kai.

Kan ya shiga. Ya ƙara shiga. Bai taɓa katifa ba, bai taɓa buhu ba, don haka bisa doka hanya a buɗe take. Allura ya murɗa totur, kafaɗarsa ta dama ta nutse cikin katifa, ta hagu ta nutse cikin auduga, tumbin ya biyo baya ya cike abin da ya rage. Babur ya yi gurnani, tayar baya ta yi ta juyawa a banza, inji ya mutu. Ya yi gaba, babu. Ya yi baya, babu. Ko wuyansa ba ya iya juyawa, hular ta maƙale tsakanin kayan biyu.

Kamar jira ake yi, a daidai lokacin hanya ta buɗe a gaba. Motar da ta lalace ta jawo cunkoson an ture ta gefe, titi ya yi fayau har ƙofar asibiti. Direbobin manyan motocin suka tayar, masu babura suka yi ca suna bugun ƙofofinsu, suna cewa akwai mutum a tsakani, in ɗaya ta motsa za a niƙe shi. Suka kashe. Gada gaba ɗaya ta ga hanya a buɗe ba halin tafiya, hon ya kaure tun daga wannan baki har wancan.

Mutane suka taru gaba da baya. Masu lodi suka hau saman katifun suna leƙowa. Allura, duk da halin da yake ciki, bai fasa ba da umarni ba. Ya ce kada kowa ya ruɗe, abu ne mai sauƙi, amma a fara sauko da dattijon da ke bayansa a hankali, surukinsa ne, ba ya gani sosai.

Wani mai lodi ya leƙa da kyau ya ce, “Wane dattijo?”

Allura ya ce ba lokacin wasa ba ne. Mai lodin ya rantse ba kowa a bayansa sai kujera. Na baya ma suka ce tun da ya shigo shi kaɗai suka gani. Allura ya kira Baba, shiru. Ya ƙara kira. Ya yi ƙoƙarin kai gwiwar hannu baya ya taɓa shi, katifa ta hana. Sai ya tuna yadda babur ya yi sakayau, ya tuna hannuwan da aka riƙa ɗaga masa.

A nan duk cika bakin ya zube. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ba don kansa ba. Ya riƙa roƙon jama’a su bar shi a nan su duba ƙarƙashin motoci, su bi gadar su nemo wani tsoho mai sanda. Ya ce shi kaɗai ya rage wa matarsa cikin iyayenta, ya ce yau ce ranar da za a buɗe masa ido, in ta wuce shi ke nan, kuma shi ne ya hana shi bin bas. Ya ce a ja motar ta bi ta kansa in hakan zai buɗe hanya. Kuka yake yi sosai, hawaye na taruwa a cikin soson hular, muryarsa na fita ta ratar kamar daga cikin rijiya. Har masu dariya suka riƙe dariyarsu.

Abin da bai sani ba, tun da aka sauke tsohon ’yarsa ta fito daga bas ta kama hannunsa, suka taho a ƙasa. Tsohon ya riƙe sandarsa a gicciye a gabansa, duk ratar da sandar ta wuce sai ya bi, inda ta tokare sai su sake hanya. Haka suka ratso gadar ba wanda ya gogi komai. Da suka iso manyan motocin suka zaga ta gefen masu tafiya a ƙasa, suka ɓullo ta gaba. A nan tsohon ya tsaya, don kunnensa lafiya lau yake, ya saurari kukan nan har ƙarshe.

Allura na cikin shessheƙa sai ya ga kan wata sanda ya shigo ta ratar da ke gabansa, yana lalube. Ya sami hular kwano ya ƙwanƙwasa, ƙwas, ƙwas.

“Mai ƙwan fitila.”

“Na’am, Baba.”

“Na ji kana cewa a sauko da ni. Kada ka wahalar da mutane, na sauka tun tuni.”

Dariyar da aka riƙe ta ɓalle, har na saman katifu suna riƙe ciki. Tsohon ya janye sandarsa ya juya. Matar Allura ta leƙo ta ratar ta dubi mijinta, da tausayi da takaici duk a fuska ɗaya, ta ce, “Maigida, in ka fito muna asibiti.” Suka wuce.

Fitar kuwa ba ta zo da sauƙi ba. An ja shi ta baya, riga ta yage. An tura ta gaba, takalmi ya fita. Daga ƙarshe masu lodi suka zuro igiya ta sama suka zarga masa a hammata, suka haɗa ƙarfi suka ja. Allura ya zare daga kan babur ya yi sama a hankali, da hular kwano da takalmi ɗaya, har ya ɓullo saman katifu inda duk gadar ke iya ganinsa. Masu baburan haya suka danna hon a tare. Da aka jawo babur ɗin baya, dattijon nasu ya auna kan da tafin hannu, ya je ya auna kafaɗar Allura, ya nuna wa ’yan’uwansa bambancin. Sai ya girgiza kai kawai.

Babur ya ƙi tashi. Allura ya tura shi har asibiti yana ɗingishi, rana ta take, zuciyarsa ta riga ta mutu, don ya san an daɗe da kiran suna. Ya shiga zauren jira kamar wanda za a yanke wa hukunci. Sai ya tarar da zauren cike, ba a kira kowa ba. Nas tana ba mutane haƙuri, wai likita ta bugo waya tana kan gada, wani mara hankali ya cusa kansa tsakanin manyan motoci ya tsare gari. Allura ya sulale ya zauna a ƙarshen benci, ya ɗora hular a cinya ya rufe yagaggiyar rigar da ita.

Ba a jima ba wata farar mota ƙarama ta shigo harabar, madubinta na reto a jikin waya. Mai farin tabarau ta fito tana saka farar riga, ta ratso zauren da sauri. Ta wuce shi, sai ta dawo da baya ta tsaya a kansa.

“Kai ne mai saurin ganin likita?”

Allura ya dubi ƙasa.

“To, ka gan ta.”

Sunan Baba yana cikin na farko da aka kira.

Kada ka ce wannan ya rufe bakin Allura. Kafin magariba labari ya riga shi isa layi, amma da ya iso sai ya gyara shi. Ya ce duk lissafi ne. Shi tun da ya ga tabaran matar nan ya gane likita ce, ya kuma san in ta riga su isa za a kira suna ba sa nan, shi ya sa ya toshe gadar da jikinsa har Baba ya ƙarasa. Tela ya tambaye shi, to sauke tsohon a jikin bas fa? Allura ya ce ai likitoci suna son majiyyaci ya ɗan motsa jini kafin aiki. Tela ya ce Allah ya ƙara basira, ya kuma ce a kawo rigar ya ga abin da zai iya cetowa.

A bakinsa ke nan. A ransa kuwa ya san ya gama yawo a wajen tsohon, har ya daina bi ta ƙofar gidansa.

Ranar da aka cire bandeji, tsohon ya aiko a kira shi, a ce ya zo da babur. Allura ya tarar da shi zaune a tsakar gida, ’ya’yansa kewaye da shi, ga kuma mai walda a gefe da kayan aikinsa. Tsohon ya dube shi da sabon ido tun daga sama har ƙasa, ya daɗe yana kallo, ya ce ashe haka yake da faɗi. Sannan ya turo masa wani ƙunshi da sanda. Allura ya kwance. Sabon kan babur ne mai cikakken tsawo, da madubai biyu irin na babbar mota, kowanne ya kai faranti.

“Ni an gyara mini ido ina ganin gabana,” in ji tsohon. “Kai naka na baya ne ya lalace.”

Aka yi dariya, Allura ya sunkuyar da kai yana jiran sauran. Tsohon ya bari dariyar ta lafa.

“Surukaina duk sun zo duba ni da lemo. Amma ban ji wanda ya ce a bi ta kansa da mota saboda ni ba, sai mutum ɗaya. Likita ta ce in koma ta duba aikin. A ɗaura waɗannan, ka zo ka kai ni, ɗana. Da sassafe.”

Allura ya tattara kayan ya miƙa wa mai walda.

Mai walda ya ɗaura madubin a kan dogayen ƙarafa, babur ya koma ya fi ƙaramar mota faɗi. Tun daga ranar Allura bai sake shiga tsakanin komai da komai ba, ko ƙofar gidansa sai ya karkata. In cunkoso ya tsaya a gada za ka gan shi a layi bayan motoci, masu baburan haya na sulalewa ta gefensa suna gaishe shi da hon. Yakan leƙa tagar motar da ke kusa ya gaya wa direban cewa da ya so da tuni ya wuce, ra’ayi ne kawai. Yana faɗa yana duba madubin dama, ya duba na hagu. A cikin kowanne ga tsohon nan zaune daram, riƙe da sandarsa, yana kallonsa da ido biyu.